Muryar Jirgin Rake

A garinmu akwai tashar jirgin ƙasa, amma ban taɓa ganin jirgi ya shigo ta ba. Awaki ne ke kwana a kan dogo, mata kuma suna shanya barkono a dandamalin. Sai da na zo Alƙahira bayan na gama sakandare na fara shiga jirgi, wato metro, wanda nake hawa daga Hadayek el-Maadi zuwa Dokki, inda nake koyon Larabci a wani ma'ahad. Wurin Yayata nake zaune, ita da mijinta, ɗalibin shari'a da muke kira Malam, a saman wani gida mai matakala masu duhu. A lokacin ina son metro. Nakan shiga taragon mata in tsaya jikin ƙofa ina kallon bayan gidajen mutane suna wucewa da shanyarsu, har jirgin ya nutse ƙarƙashin ƙasa.

Wata rana a shekarar 2012, lokacin da gari ba ya rabuwa da zanga-zanga, jirginmu ya tsaya cikin rami kafin ya kai tasha. Fitilu suka ɗauke. Daga sama wata ƙara ta tashi, ta biyo ramin ta daki taragonmu kamar an buga ƙaton faranti a kunnena, sai warin barkonon tsohuwa ya fara sauko mana. Mata na salati, wata na bugun ƙofa da takalmi, wani jariri ya yi ta kuka har ya yi shiru. Ba wanda ya mutu. Haka kowa ke ce mini daga baya, ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji ciwo, jirgin ma bai daɗe ba ya tashi. Na sani. Amma ni har na iso gida ji nake kamar ban fito daga ramin ba.

Daga ranar na daina zuwa makaranta. Murfin tukunya in ya faɗi, sai in tsinci kaina a tsugune bayan ƙofa. Mai sayar da gas da ke bin layinmu yana buga tukunyarsa da sifana, tun daga nesa nake jin sa in toshe kunne da filo. Yaya ta yi rarrashi, ta yi faɗa, ta kawo rubutu na sha. Wata rana bayan mun ci abinci Malam ya ajiye cokali ya ce:

"Auta, ba korar ki nake yi ba, Allah ya sani. Amma iƙamarki, takardar zamanki a ƙasar nan, a hannun makaranta take. In aka shiga sabon zango ba ki koma ba za su cire sunanki, kuma in babu iƙama babu zama."

Tasi kullum ba abin ɗalibi ba ne, kuma ba wata hanyar kirki zuwa Dokki sai ta ramin nan. Abin da nake tunani shi ne in sauka a gida, Inna ta tambaye ni me na koyo a Masar, in ce tsoro.

A ƙasanmu akwai wasu tsofaffi biyu, Hausawan Sudan, mata da miji. Kakanninsu ne suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Hausarsu irin ta kakata ce, sai dai cike da Larabci. Matar muna ce mata Hajja, mijin kuma Baba. Wurinsu nake wuni, domin ɗakin Hajja yana can ciki inda ƙarar titi ba ta kai sosai, kullum yana ƙamshin gahawa da turaren wuta. Baba da ƙuruciyarsa mai ba jirgi wuta ne, a zamanin jiragen kwal. Duk ranar Asabar yakan fita da sassafe da tsohuwar riga, ya dawo da yamma baƙi ƙirin yana murmushi, Hajja kuma ta bi shi da abincin rana.

"Ina kuke zuwa ne, Hajja?"

"Wurin wasan yara. Tsofaffi ne suka tsinci mataccen jirgi suna neman tashinsa. Ba mai biyan su, su ne ma ke zuba nasu. Taso ki riƙe mini kwanon nan, ya bitti, 'yata. Tasi za mu shiga, taga a buɗe, in kin ji ba daɗi mu sauka."

Wurin yana can bayan Giza, inda gine-gine suke ƙarewa gonaki su fara. In an bi ta bayan wani tsohon sito, sai ga fili da dabino, da magudanar ruwa, da wani siririn dogo da ya shige cikin ciyawa. A ƙarƙashin rumfar kwano jirgin yake tsaye. Ƙarami ne, bai fi motar ɗaukar yashi ba, mai dogon hanci da bututun hayaƙi kamar turmi a kife. Baba ya ce da can rake yake ja daga gonaki zuwa masana'antar sukari a kudancin ƙasar, har aka yar da shi kaji suka yi ta ƙwai a cikinsa.

Abin da ya fara kama ni shi ne shirun wurin. Jirgi ne, amma ba ya motsi, ba ya kuka. Tsofaffin suna kewaye da shi kamar masu jinya, wannan na kankare tsatsa, wancan na kwance a ƙarƙashi ƙafafunsa kaɗai ake gani. Yawancinsu ma'aikatan jirgi ne da suka yi ritaya, amma har da wani likitan haƙori mai tumbi da ba ya rabuwa da gunaguni. Shugabansu wani dogon Bamisire ne da suke kira Usta, tsohon direba, wanda shekarun aiki suka cinye masa kunne. In zai yi magana ihu yake yi. Ranar farko da ya ce mini marhaba sai da na koma bayan Hajja.

Shi ne ya ba ni aiki. Ya kawo wani abu na tagulla mai kamar dogon kofi da murfi, ya yi baƙi ya yi kore, ya haɗa mini da toka da lemon tsami da tsumma, ya nuna mini gindin wani baure.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Muryarsa ce, jikalle. Usur."

Ni usur ɗin da na sani shi ne na malamin wasanni a makarantarmu. Na yi dariya, na zauna na fara gogewa.

Asabar ɗin nan da suka biyo baya, in na tuna su yanzu, kamar cikin barcin rana na yi su. Ina zaune a inuwa ina murza tagulla, baƙin yana fita a hankali, wani ja mai haske yana fitowa, har na fara ganin fuskata a jiki, a lanƙwashe, da dabino a bayana suna rawa. Wani ɓauna yakan zo bakin ruwa ya tsaya yana kallona. Can nesa, in iska ta share sama, ana hango kan dala guda ɗaya a saman rufin gidaje. Baba ya ce in na sa hanci a katakon tsohon taragon zan ji ƙamshin rake, na sa, kuma na rantse na ji. Wani lokaci bayan azahar, in tsofaffin sun baje suna shan shayi, nakan hau inda direba ke tsayawa in jingina da ƙarfen mai sanyi. Sai in ga siririn dogon nan ya miƙe ya ƙi ƙarewa, ya ratsa gonaki da rairayi, ya bi hanyar da kakannin Hajja suka biyo, yana komawa baya, har ya shiga tashar garinmu, awaki suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hanya, ba tare da ko ƙwaƙƙwaran motsi ba.

Tsofaffin nan suna da wata al'ada da ban sani ba. Ranar da aka fara hura wa jirgi wuta, duk wanda ya gyara wani sashe sai a nuna masa aikinsa yana aiki, ba tare da an sanar da shi ba. Ita ce tukuicinsu, tunda ba a biya. Wanda ya gyara fitila sai ya ga an haska masa fuska, wanda ya gyara famfo sai ya ji an watsa masa ruwa, a yi ta dariya.

Ranar mun iso da rana ni da Hajja. Tun daga bayan sito na ga hayaƙi yana tashi, na ji wani wari mai ɗumi na kwal da mai. Ina ɗauke da tiren kofuna. Na shigo fili, na ga usur ɗina a can saman jirgin yana walƙiya, na ga Usta ya leƙo yana washe baki, ya ɗaga mini hannu ɗaya, ɗayan kuma ya kai sama ya ja wani abu.

Ban san lokacin da tiren ya bar hannuna ba. Fitilu suka ɗauke, ga rana tsaka amma suka ɗauke, na ji barkonon tsohuwa a maƙogwarona, na ji matar nan na bugun ƙofa da takalmi. Da na dawo hayyacina ina ƙarƙashin tarago, fuskata a cikin ƙasa, Hajja ta kama ƙafata tana kiran sunan Allah. Ta tsakanin ƙafafun taragon na hango tsofaffin a tsaye cirko-cirko. Usta ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

A tasi Hajja ta sauke wa Baba kwandon faɗa.

"Kai da bakinka ba za ka gaya musu ba? Ka san halin yarinyar nan, ka san wasan banzan da kuke yi."

"In gaya wa maza lalurar 'yar mutane? Budurwa ce fa, Hajja. Cewa na yi in rufa mata asiri. Ina bakin wuta, ban ga shigowarku ba."

"To ga shi ka rufa. Ka rufa har ta shige ƙarƙashin tarago a gabansu."

Baba ya mayar da fuskarsa ga taga har muka iso gida.

Na koma ɗaki, ko wurin Hajja na daina sauka. Yaya ta fara tambayar masu tafiya gida ko akwai wanda za a haɗa ni da shi, tana yi a waya da murya ƙasa-ƙasa, tana tsammanin ba na ji. Ana haka wata yamma muka ji ana hawo matakala da nishi, ana tsayawa ana hutawa. Baba ne, wanda tunda muke bai taɓa hawowa samanmu ba saboda gwiwa. Ya zauna a tabarma sai da numfashinsa ya dawo, sannan ya zaro wani abu daga aljihu ya ajiye a gabana. Igiya ce mai kauri, ta sha baƙin mai, da ɗan katako a ƙarshenta wanda hannu ya goge har ya yi santsi.

"Usta ya ce a kawo miki. Igiyar usur ce. Da hannunsa ya kwance ta."

"Me zan yi da ita, Baba?"

"Oho. Ya ce muryar taki ce, ke kika fito da ita, ba wanda zai sake taɓa ta sai ke. Sai dai ki sani, a ƙa'idarmu jirgi ba ya ɗaga ƙafa sai ya yi kuka. Akwai mutane a gonaki, akwai dabbobi a kan dogo. Tun muna samari haka aka koya mana, ko taku ɗaya ne."

"To su ɗaura wata igiyar mana."

"Na gaya masa. Ya yi kamar bai ji ba." Baba ya ɗan yi murmushi. "To da ma ba ji yake yi ba."

Na sa igiyar a ƙasan akwatina don kada in gan ta, amma warinta ya kama kayana duka. Duk Asabar da yamma Hajja takan hawo ta ba ni labari. Sun hura wuta, tururi ya taru, sun soya ƙwai a kan shebur a bakin murhu, sun sha shayi, sun bar wutar ta mutu. Jirgin da suka yi shekaru suna tashi yana tsaye a inda yake yana huci. Likitan haƙori ya ce shi ya gaji da wannan hauka, zai sayo igiyar shanya ya ɗaura, Usta ya ce in ya taɓa sai ya cire masa haƙora da filaya. Na ji haushinsu ƙwarai. Ina fama da kaina, sun ɗora mini jirgi guda a ka. Amma da na kwanta sai in riƙa ganin Usta da hula a ƙirji, tsoho mai jikoki, yana tsaye kamar yaron da ya fasa tulu.

Saura kaɗan a koma makaranta na ciro igiyar na sauka. Na ce wa Baba zan je, amma tun kafin a hura wuta, ina so in ga komai daga farkonsa.

Mun isa tun hantsi bai yi ba, raɓa na kan ciyawa. Usta bai yi mini ihu ba, ya sa hannu a ƙirji kawai ya sunkuyar da kai. Ashe ba a gaggawa da tukunyar jirgi. Baba ya fara da busassun ganyen dabino, wuta 'yar ƙarama kamar ta dafa shayi, ya bar ta ta daɗe. Sannan guntayen katako, sannan kwal kaɗan-kaɗan. Ya ce in aka ba ƙarfe mai sanyi wuta da yawa lokaci ɗaya tsagewa yake yi. Jirgin ya fara 'yan ƙananan maganganu, ƙas, ƙas, kamar kwanon rufi in rana ta fito. Usta ya dafa tafin hannunsa a jikin ƙarfen, da shi yake ji. Duk sanda wani sabon sauti zai zo sai ya ɗaga mini yatsa tukuna, ya nuna inda zai fito, sannan ya zo. Nan zai yi tsaki. Nan zai yi huci. Na zauna a kan buhun kwal ina kallon yatsan nan har rana ta take, har na lura kafaɗuna sun sauko daga kunnuwana.

Bayan la'asar allurar agogon tururi ta kai inda suke so. Suka ja tarago ɗaya suka haɗa, Hajja ta shimfiɗa darduma a ciki ta zauna kamar mai tafiya Makka, sauran tsofaffin suka hau. Ni ina gaba tsakanin Baba da Usta, zafin murhu yana dukan ƙafafuna. Da hannuna na maƙala igiyar a ƙugiyarta.

"Ba a fizga, jikalle," in ji Baba. "Ja kaɗan, kamar za ki ɗaga labule ki leƙa."

Na ja kaɗan. Farin tururi ya fito yana shii, ba murya. Na ƙara. Sai wani sauti ya taso can ƙasa, mai laushi, kamar kurciya a cikin rijiya. Na yi maza na saki. Ya yi shiru nan take. Na tsaya ina kallon hannuna. Na sake ja, ya yi, na saki, ya daina. Na yi haka ban san sau nawa ba, har na ji likitan haƙori yana cewa ya Rabbi daga cikin tarago, Hajja ta ce masa ya yi mana shiru.

Usta dai hannunsa na kan ƙarfe. Ya girgiza kai ya yi ihu da Larabci:

"Ban ji ba!"

"Kai ko a cikin kunnenka aka busa ba ji za ka yi ba," in ji Baba.

"Na ce ban ji ba! In ni ban ji ba, jakin da ke kan dogo ma bai ji ba!"

Dariya ta kuɓuce mini, ga hawaye ga dariya. Na kama katakon da hannu biyu, na yi bisimilla, na ja har ƙasa.

Ƙarar ta shiga ta tafin ƙafata ta fita ta tsakar kaina. Duhun ya taso, na gan shi yana zuwa daga gefen idanuna, na ji warin nan. Amma igiyar tana hannuna, kuma na san in na buɗe yatsuna zai daina. Ban buɗe ba sai da na ga dama. Balbelu suka tashi daga gona fari fat, suka yi sama gaba ɗaya. Usta ya ce tamam, ya tura wani dogon ƙarfe, ƙasa ta ɗan ja baya.

Tafiyar ba ta fi ta mai keke ba. Ciyawa na shafar gefen jirgin, hayaƙi na kwanciya a kan dabino, wata mata a gona ta miƙe da lauje a hannu tana kallonmu baki buɗe. Rana ta yi ja a cikin magudanar ruwa tana bin mu. Ƙafafuna ba su daina rawa ba, amma jirgin ma rawa yake yi, sai na kasa bambance tawa da tasa. Na rufe ido na ga awakin garinmu suna tashi. Da na buɗe, dogon ya ƙare a jikin tudun yashi, Usta yana nuna mini igiya, domin komawa da baya ma sai an yi kuka.

Ranar da aka koma makaranta Yaya ta raka ni. A dandamalin Hadayek el-Maadi na bar jirgi ya zo ya wuce, na bar wani ma ya wuce. Da muka shiga na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba, cewa shi ma yakan yi ɗan kuka kafin ƙofofi su rufe. Da bakin ramin ya matso na naɗe igiyar jakata a hannu na ja ta kaɗan. A tasha ta farko ta ƙarƙashin ƙasa na fita da gudu na yi amai a kwandon shara, wata tsohuwa ta ba ni ruwa tana cewa ma'alish, ma'alish, wato sannu. Muka zauna a benci har numfashina ya dawo, muka shiga na gaba. Na isa aji an kusa tashi. Malamar ta dube ni ta saman tabarau, ta nuna mini kujerata ta da, a jikin taga.

An sabunta mini iƙama a wannan zangon. Har yau in taya ta fashe a titi sai na nemi bango na dafa, kuma akwai ranakun da nake kaiwa bakin tasha in juyo gida. Igiyar tana can a ƙugiyarta. Asabar ɗin da ban je ba Usta ne ke ja, amma Baba ya ce kafin ya ja sai ya leƙa ta taga ya duba bakin sito, ya ɗaga yatsa sama, ko da ba kowa a wurin.